Ruwan sabon tafkin kifi ya koma kore shar? Ga abin yi

Ka gina ɗan tafkinka a lambu, ka cika shi da ruwa garau har kana ganin tsakuwar ƙasa, ka zuba kifaye, sai bayan sati biyu ka leƙa ka tarar ruwan ya koma kore shar, ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba ka ganin yatsunka, kifin ma sai ya taso cin abinci kake ganin bakinsa. Toh dan Allah kafin ka kwashe ruwan nan ka tsaya tukuna, domin kwashewar ita ce babban kuskuren da kusan kowa ke yi.

Fara da gane wane irin gurɓata ne. Ɗebo ruwan a kwalbar gilashi ka ajiye ta a inuwa ta kwana. In da safe ka ga laka ta kwanta a gindi sama ta washe, to ƙasa ce kawai ke shiga, ko daga tukwanen shuka ko ruwan sama ke wanko ta. In ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, ƙwayoyin bakteriya ne suka yi yawa, wannan kan wuce da kansa cikin 'yan kwanaki. In kuwa yana nan kore bai kwanta ba, gansakuka ce, irin ƙananan nan da ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru miliyoyi suna yawo a ruwa.

Abin da ke kawo ta shi ne rana da abinci. Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai guba gare shi, ta kashinsa da kuma wajen numfashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. A tsohon tafki akwai bakteriya masu amfani da suka zauna a jikin filta (matatar ruwa) da duwatsu, suna mai da amoniya zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mai da shi naitiret mai sauƙin illa, shuke-shuke su shanye. Sabon tafki ba shi da su tukuna, sai sun ɗauki kamar sati 4 zuwa 8 kafin su kafu, shuke-shuken ma ba su yi jijiya ba, kaga kenan gansakuka ta samu fili ba mai gasa da ita. Shi ya sa in ka kwashe ruwan duka ka zuba na famfo, kulorin ɗin da ke ciki zai kashe 'yan bakteriyar da suka fara kafuwa, ka koma farko, bayan kwana goma koren ya dawo har ya fi na da.

Ni abin da ya fi damuna ma ba launin ba ne, koren ruwa shi kaɗai ba ya kashe kifi. Iska ce. Da rana gansakuka tana ba da oksijin, da dare kuma shanye shi take yi, don haka ka riƙa leƙawa da asuba, in ka ga kifayen sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, iska ta yi musu kaɗan, maza ka sa injin hura iska ko ka bar ruwa yana zubowa daga sama yana fantsama. Kuma famfon da ke juya ruwan tafkin da filta kar a kashe su da dare wai don a rage wuta, awa 24 ya kamata su yi suna aiki, kuma famfon ya zama yana iya juya ruwan tafkin gaba ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ka nemi kayan gwajin ruwa ka riƙa auna amoniya da naitirayit sau biyu a sati, dukansu sifili ake so. In sun hau, ka dakatar da abinci kwana biyu ka canza wani ɓangare na ruwan.

Canjin ruwa kaɗan-kaɗan ne, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a sati, da ruwan da aka sa wa maganin cire kulorin. Soson filta kuma in ya toshe, a bokitin ruwan tafkin za ka matse shi, ba a bakin famfo ba, wannan datti mai launin ruwan ƙasa da ke jikinsa can ne bakteriyarka suke zaune.

Sai abinci. Wallahi yawancinmu ƙauna ce ke sa mu cika musu, ka ga sun taso da gudu ka ƙara watsa musu. Sau ɗaya a rana ya isa yanzu, abin da za su cinye cikin minti biyu zuwa uku, ragowar ka kwashe da raga. Kar ka ƙara ko kifi ɗaya sai gwaji ya nuna ruwa ya daidaita.

Inuwa ita ce maganin da ke ɗorewa. Ka shuka bado da kainuwa su rufe kamar rabin saman ruwan, su tare rana kuma su shanye abincin da gansakuka ke rayuwa a kai. Tukwanen badon ka rufe saman ƙasar da tsakuwa don kifi kar ya tona, kuma ka duba kar takin da ake zuba wa ciyawar lambu ya riƙa gangarowa ciki. Kafin su girma, ragar inuwa a kan rabin tafkin tana taimakawa sosai. In kainuwa ta yi yawa ka kwashe ka shanya ta bushe, kar ka jefa ta a rafi.

In kana son sakamako da wuri, fitilar UV da ake haɗawa a layin famfo tana aiki, ruwa na bi ta cikinta hasken ya lalata gansakukar ta dunƙule filta ta kama, yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu za ka fara ganin ƙasa. Ana canza ƙwanta duk shekara ko da tana ci, kuma kar ka kalli hasken da ido tsirara. Maganin kashe gansakuka na kwalba kuwa ni ba na ba da shawararsa a sabon tafki, yana kashe ta lokaci guda ta ruɓe a ciki ta shanye iskar, da safe ka tarar da kifi ya juya ciki sama. In dole sai ka yi amfani da shi, ka auna yawan litar ruwanka daidai, ka kunna injin iska tun kafin ka zuba, ka bar shi a kunne har kwana uku.