Yadda ake wuce mota a tsere ba tare da an goge ta ba

A tseren masu yi don sha'awa babu kamfanin da zai sake maka bamba. Motar da ka shiga da ita, kai ka tara kuɗinta, kai za ka tsaya a kan makanike ranar Litinin. Samarinmu na Yamai da ke kallon tseren Turai a waya suna ganin gugar juna kamar jarunta ce. A SCCA, ƙungiyar masu tseren motoci ta Amurka, inda ake da rukuni irin Spec Miata na ƙananan Mazda masu ƙarfi kusan ɗaya, doka ta ɗora nauyin wucewa lafiya a kan mai wucewa. Ina maganar filin da aka killace ne, da kaske da bel, kada wani ya kai wannan kan titin Dosso.

Tun kafin a tashi, daidaita madubanka uku, ka kuma haddace tutocin da ake kaɗa wa direbobi a bakin hanya. Rawaya na nufin haɗari a gaba, ba a wucewa. Shuɗiya, wani da ya fi ka gudu yana bayanka. Mai rabi baƙi rabi fari gargaɗi ce kan tuƙin ganganci, baƙa kuwa fita za ka yi.

Zagayen farko, haƙuri. Tayoyi ba su yi zafi ba, motoci a cunkushe, kowa jininsa a sama.

Daga nan sai ka bi na gabanka zagaye biyu ko uku kana karantarsa: ina yake taka birki, wace kwana yake buɗewa da yawa, yana duba madubi ko kuwa gaba kawai ya sani. Wurin wucewa shi ne ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, amma aikin yana farawa tun daga kwanar baya. Ka fito daga cikinta da gudu fiye da nasa, sai ka tarar kun jera da wuri.

Ga ma'aunin da nake bi: in tayarka ta gaba ba ta kai daidai kujerar direbansa ba kafin ya karya sitiyari, kwanar tasa ce, ɗaga ƙafa. Ni da tsada na koyi wannan. Na hango ɗan sarari ta ciki, na jinkirta birki, na faɗa. Layin da kowa ke bi a share yake, gefensa kuwa yashi da ƙurar hunturu ne kwance, tayoyina suka kulle, motar ta ƙi jin sitiyari. Sai ji na yi na daki ƙofar bayan wani dattijo. Lagireto ya fashe, ruwa na tururi a kan jar ƙasa, shi kuma ya juya ya fuskanci inda muka fito.

In kai ake nema a wuce, ƙa'idar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta ba ka damar sauya layi sau ɗaya don karewa. In za ka koma layinka kafin kwana, bar masa faɗin mota guda. Yawo hagu da dama a gaban mutum ba karewa ba ce.

In an yi karo, kada ka tunkare shi da kaske a kai. Cire, sha ruwa, a duba bidiyon kyamarar cikin mota tare da alƙalan tsere. Ƙungiyoyin tseren tsofaffin motoci da yawa a Amurka suna da dokar 13/13: wanda ya jawo karo ana sa masa ido wata 13, in ya sake a dakatar da shi wata 13.

Ni dai na je wurin dattijon da na daka na durƙusa na ce, "Baba, laifina ne, a yi haƙuri." Ya daɗe yana shafa lotsewar ƙofar, sannan ya ce in turo mai gyaran jikin mota gidansa da safe.