Yadda za ka zaɓi hinji mai rufe ƙofar ban ɗaki da kansa

Duk wanda ke riƙe da ban ɗakin jama'a a nan Damagaram, ko na tasha ne ko na kasuwa ko na lekol ko gidan abinci, ya san wannan ciwon kan, mutum ya gama ya fito da butarsa ya bar ƙofa hangame, iska ta yi ta buga ta har wata rana ka zo ka tarar ta rataye da hinji guda. Rubuta "a rufe ƙofa" a bango ba ya aiki, na gwada. Maganin shi ne hinjin da ke mayar da ƙofa da kansa, masu shago wasu pomel suke ce masa wasu hinji, duk abu ɗaya ne. Sai dai iri-iri ne, kuma ba kowanne ke jure ruwa da rairayin garin nan ba.

Kafin ka je shago ka fara sanin nauyin ƙofarka, don kowane hinji akwai kilon da aka rubuta masa a kwali. Mafi yawan ƙofofinmu na ƙarfe ne aikin mai walda, to lissafin ba wuya, tol, wato falen ƙarfe, mai kaurin milimita 1 kowane murabba'in mita yana kai kilo 7.85, ke nan ƙofa mai faɗin santimita 70 da tsawon 180 tol ɗinta kawai wajen kilo 10 ne, idan mai milimita 1.5 ne wajen kilo 15, sannan ka ƙara ƙarfen da aka zagaye ta da shi da sakata. In ba ka son lissafi ka ciro ta ka ɗora a sikelin masu hatsi. Kuma kada ka sayi wanda kilonsa ya zo cif da nauyin ƙofar, ka bar rara, saboda yara suna lilo da ƙofa, manya kuma da ƙafa suke tura ta tunda hannu na riƙe da buta.

Iri na farko shi ne mai rasor, wato sifirin a cikin bututunsa. Shi ya fi yawa a kasuwa kuma ya fi araha. Mai kyau a cikinsu ana iya ƙara masa ƙarfi ko a rage, za ka ga rami a kansa na kile alen, wato ɗan makullin nan mai kusurwa shida, da wasu ƙananan ramuka a gefe inda ake cusa ɗan ƙarfen da ke riƙe rasor ɗin. Wanda ba shi da wurin saiti ka bar musu kayansu, don rasor yana saki da yawan aiki, ranar da ya saki ba yadda za ka yi da shi sai shara. Aibin mai rasor shi ne bai san a hankali ba, in ka ɗaure shi sosai ƙofa ta riƙa bugawa gwaram tana cin yatsun yara, in ka sassauta kuma ta tsaya rabin hanya. Akwai ɗan uwansa mai buɗewa gaba da baya irin na ƙofar kicin ɗin otel, wannan ba na ban ɗaki ba ne sam, ko mai shago ya rantse maka.

Iri na biyu, wanda ni shi na fi yarda da shi, ba rasor a cikinsa ko kaɗan, nauyin ƙofar ne ke yin aikin. A tsakiyarsa akwai gaɓa biyu masu yankan karkace kamar gangara, sau da yawa na roba mai tauri da ake ce wa nailon, in an tura ƙofa sai ta ɗan hau sama 'yan milimitoci, in an sake ta sai ta gangaro ta koma mazauninta a hankali. Babu abin da zai tsinke, tana rufewa ba hayaniya, kuma ana sa shi a ƙofofin ban ɗakin filayen jirgi da manyan kantuna a ƙasashen waje. Wasu ma ana iya juya gaɓar a saita inda ƙofa za ta tsaya, ko ta rufe ruf ko ta bar ɗan tsagi don mai zuwa ya gane ba kowa ciki ba sai ya yi gyaran murya ba. Abu biyu za ka kiyaye da shi. Ka bar fili a saman ƙofa kamar santimita 1 zuwa 2 don ta samu wurin hawa, in ba haka ba ta ci karo da ƙarfen sama. Sannan da yawansu akwai na dama akwai na hagu, kuma ƙidayar ba ɗaya ba ce, kayan Faransa daga ɓangaren da ake turawa suke ƙidaya, na Jamus daga ɓangaren da ake ja, don haka ka ɗauki hoton ƙofar a waya ka nuna wa mai shago ku daidaita da hinjin a hannu. In saƙo za ka ba a sayo maka daga Ƙofar Ruwa a Kano to hoton nan ya zama dole, mayar da kaya daga nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Na ukun shi ne na'urar nan mai mai a ciki da hannu da ake kafawa a saman ƙofa. Tana da kyau ga babbar ƙofar shiga, mai ƙarfi lamba 3 tana ɗaukar ƙofa har kilo 60 da faɗin santimita 95, amma ga 'yan ƙofofin ciki asarar kuɗi ce, ga shi in robar cikinta ta gaji da zafin Afrilu da Mayu sai mai ya fara tsiyaya, daga nan ta gama.

Yanzu maganar ƙarfe, nan ne ake cin mutane. Ban ɗakinmu ba busasshe ba ne, ana tsarki ana alwala ana wanka, mai shara kuma ya zo ya kwarara ruwan jabel, wato bilic, shi kuwa jabel sinadarin da ke cikinsa cin ƙarfe yake, hinjin ƙasa ne ke fara mutuwa kullum. Ka nemi inoks, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, lamba 304, shi ne mai kashi 18 na kuromiyom da kashi 8 na nikel. Akwai 316 da ya fi shi juriya amma ya fi tsada. Wanda ya cika kasuwa shi ne 201, a ido ba ka bambance su, yana ƙyalli kamar na gaske, sai ya sha jabel ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa. Mutane na cewa a gwada da maganaɗisu, e yana tona asirin baƙin ƙarfen da aka shafa wa ƙyalli don zai manne masa caraf, amma 201 da 304 duka biyun ba ya kama su sosai, ke nan bai raba gardama ba. Ka duba lambar a jikin hinjin kansa, wadda aka buga a ƙarfe, ba ta kwali kaɗai ba. Bis ɗin ma, wato sukurori, su zama inoks, in ka haɗa hinji mai kyau da bis na baƙin ƙarfe su za su ruɓe su bar ka.

Kuskuren da na taɓa yi da kaina, na sayo masu rasor na ba wani mai walda na tafi sallar azahar, kafin in dawo ya liƙe su da wuta a jikin ƙofa kamar yadda ya saba da pomel na gida. Wuta tana kashe rasor, ta narkar da nailon, ƙofofin nan ko sau ɗaya ba su rufe kansu ba. Ban ga laifinsa sosai ba tunda ban faɗa masa ba. Abin da ya kamata ka ce wa mai aikinka shi ne, malam ka walda ɗan faranti mai kauri a ƙofa da jikin ƙarfen da ke riƙe ta, ka huda, a shafa fentin hana tsatsa, in ya huce ya bushe sannan a ɗaura hinji da noti. Ko ba komai ranar canji da sifana kawai za ka kwance. Ya kuma sa ma'aunin ruwa ya tabbatar ƙarfen a tsaye yake cak, don mai aiki da nauyi in gini ya karkace sai ƙofa ta bi karkatar ta ƙi komawa. Ƙasan ƙofa a ɗaga shi daga daɓe kamar santimita 10 zuwa 15 ruwa ya wuce, hinjin ƙasa shi ma a ɗan haura da shi.

Wajen saitin mai rasor ƙofa a rufe ake yi, rami ɗaya-ɗaya, ka juya ka cusa ɗan ƙarfen ka gwada, kuma hinjin sama da na ƙasa ƙarfinsu ya zo daidai. Ƙa'idar Amurka ta masu buƙata ta musamman ta ce daga buɗewar digiri 70 ƙofa mai rasor kada ta rufe a ƙasa da daƙiƙa 1.5, kuma ƙarfin tura ƙofar ciki kada ya wuce kamar na kilo 2.3, ba dokarmu ba ce amma ma'auni ne mai kyau, ni dai gwajina in tsohuwa mai sanda za ta iya turawa da hannu guda to ya yi. Ɗaki guda aƙalla ka yi masa ƙofa mai faɗi, fili ya haura santimita 80, mai buɗewa waje, saboda mai keken guragu da kuma wanda jiri ya kayar a ciki ya tokare ƙofa da jikinsa.

Giris kuma kada ka cika shi, da hunturu ƙura ke mannewa a kai ta zama kamar sanfefa tana cin hinjin. Ka goge da tsumma, ɗigo ɗaya ko biyu na mai mara kauri ya isa mai rasor, na nailon ma gogewar kawai yake so. Duk ƙarshen wata ka zaga da sifana ka ƙara ɗaure notin, ka fara da ƙofar da ta fi kusa da hanyar shiga don ita ta fi shan turi, ka kuma roƙi mai shara in ya zuba jabel ya bi hinjin ƙasa da ruwa zalla ko da rabin buta ne.