Darasi na Bakwai: Littafin Gwajin Ado da Fenti, Ƙyalle, Zare da Duwatsu

Masu ɗinkin babbar riga a birnin Zariya da Kano ba sa soka allura sai an fitar musu da zane a jikin yadi. Aska biyu ce, ko aska takwas, ko tambari, ko dagi, sai mai zane ya shata ta da tawada tukuna. Dalili kuwa, shadda tana da tsada, kuma ɗinkin da aka warware yana barin tabo. A wannan darasi za mu haɗa littafin da kowa zai riƙa gwada adonsa a ciki kafin ya taɓa yadin kuɗi, ko na hula ne, ko wuyan riga, ko zanen gado.

Kayan aiki

Ku nemo takarda mai kauri, irin kwalin da 'yan makaranta ke zane a kai. Takardar littafin rubutu ba ta jure zare, yagewa take yi. Sai allura biyu, babba da siririya, da zare launi-launi, da almakashi, da fensir, da gam, da burushi ƙarami. Ƙyalle ba sai an saya ba. Ku je wajen tela a unguwa ku roƙi guntayen atamfa da shadda da leshi da ya share zai zubar. Duwatsun ado kuma, tsohuwar sarƙa ko jigidar da ta tsinke ta isa a fara da ita.

Ku yanka kwali gida-gida daidai tafin hannu biyu, kamar falle goma. Ku huda ramuka uku a gefe ɗaya, ku zura igiya ku ɗaure sako-sako. Kada a matse, domin littafin zai kumbura idan ƙyalle da duwatsu suka shiga.

Fenti ne farko

Tsarin aikin ba ya canzawa: fenti, sannan ƙyalle, sannan ɗinki, duwatsu a ƙarshe. Wanda ya fara da ɗinki ya dawo shafa fenti, zai ɓata zarensa.

Fentin ruwa na yara ya wadatar. Fentin mai da ake shafa wa ƙofa kam ku bar shi, yana ratsa takarda kuma ya daɗe bai bushe ba. Wanda ba shi da kuɗin fenti, launi yana nan a madafa. Ku dafa zoɓo da ruwa kaɗan har ya yi kauri, zai ba ku ja. Kurkur yana ba da rawaya, lalle yana ba da ruwan ƙasa, shuni shuɗi, garin gawayi baƙi. Ku jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ku ɗiga a ciki, kamar yadda ake yi wa tawadar allo, don launin ya kama takarda.

Ga wani abu da nake so kowa ya gwada da hannunsa. Ku shafa zoɓo a takarda, ku ɗiga ruwan lemon tsami a gefe guda, jan zai ƙara haske. Ku ɗiga ruwan kanwa a ɗaya gefen, sai ku ga ya juya ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Kurkur ma idan ya haɗu da kanwa komawa yake ja. Kun ga daga abu biyu an samu launi huɗu ko biyar. Sai dai launin zoɓo da na kurkur suna kodewa a rana, don haka a riƙa rufe littafin.

Ku bar shafin ya bushe sarai a inuwa. Sauri ya haifi nawa: takarda mai danshi ba ta riƙe zare ko kaɗan. Idan ta lanƙwashe, ku danne ta da abu mai nauyi ta kwana.

Ƙyalle

Ku goge ƙyallen, ku yanka siffar da kuke so, ku shafa gam kaɗan a tsakiyarsa kawai. Bakin ƙyalle ku bar shi babu gam, don nan allura za ta bi, kuma busasshen gam yana hana ta wucewa. Atamfar da kuke zargin tana zuba, ku jiƙa gefenta ku goga a farin tsumma ku gani tukuna.

Ɗinki a kan takarda

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin takarda ba yadi ba ce. Idan allura ta huda yadi aka zare ta, ramin yana rufewa. Na takarda ba ya rufewa har abada. Saboda haka ba a ɗinki da ka. Ku zana layin da fensir, ku ɗora shafin a kan tsohon kwali ko soson katifa, ku bi layin kuna hudawa da babbar allura. Tsakanin rami da rami a bar kamar rabin santimita. Idan ramukan suka matsu da juna, zare zai haɗe su ya yanke takardar. Daga bakin shafi kuma ku ja baya da santimita 1 aƙalla.

Zaren surfani na kanti yakan zo da sili 6 a murɗe. Ku raba shi, ku ɗauki 2 ko 3. Tsawonsa kada ya wuce kamu ɗaya, wato daga yatsa zuwa gwiwar hannu, in ba haka ba zai riƙa sarƙewa. Ƙulli yakan kufce ta rami, don haka ku manne wutsiyar zaren a bayan shafi da ɗan gam da guntun takarda. Ku fara da ɗinkin shiga da fita, sannan ku koma na sarƙa. Ku ja zare a hankali har ya kwanta, ku tsaya. Da zarar kun ga takarda ta fara tattarewa, kun ja da yawa.

Duwatsu

Ku koma ga siririyar allura. Ku fito ta rami, ku zura dutse ɗaya, ku koma ta ramin da ke kusa, ku sake bi ta cikin dutsen sau na biyu don ya zauna. Manyan duwatsun kwalba irin na Masaga a Bida suna da kyau, amma sun yi wa takarda nauyi, sai in an ɗinka su a kan ƙyalle mai kauri. A ganina, duwatsu kaɗan a wuri guda sun fi kyau da a cika shafi. Iyaye mata, don Allah ku zuba su a murfin kwano mai zurfi, nesa da yara masu rarrafe. Yaro yana iya haɗiye su ko ya cusa a hanci.

Rubutu

Kada shafi ya tafi babu rubutu. A ƙasansa ku sa kwanan wata, da sunan adon, da launukan da kuka haɗa, da kuɗin da kuka kashe. Ranar da mai saye ya buɗe littafin ya nuna shafi ya ce wannan yake so, rubutun nan ne zai tuna muku yadda kuka yi shi da abin da za ku faɗa masa na farashi.

Aikin gida

Ku yi shafi ɗaya mai launi biyu, da ƙyalle ɗaya, da layin ɗinki, da duwatsu biyar. Ku rubuta jimla uku a ƙasa game da shi. A zo da shi aji mako mai zuwa, kowa zai karanta nasa da babbar murya.