Ɗan Kano da Na'urar Gano Ƙarfe a Bakin Teku: Inda Muka Fi Yin Kuskure

Mu a Kano ruwan da muka sani da lokacin shekara yake tafiya. Dam ɗin Tiga ya cika da damina, ya ja baya da bazara; kogin Wudil ya kawo a Agusta, da rani 'yan yashi su shiga tsakiyarsa da tifa. Ba mu saba da ruwan da zai cika da hantsi ya janye da la'asar ba. Shi ya sa duk ɗan garin nan da ya kalli bidiyon Turawa suna tono zobba a bakin teku, ya sayi na'urar gano ƙarfe, ya ce bari ya riƙe ta in zai je saro kaya Legas ko Kwatano, kusan rami ɗaya muke faɗawa. Ni ma na faɗa, wani ramin ma sau biyu.

Na farkonsu shi ne zuwa lokacin da ka ga dama, wato bayan ka gama da kasuwa ka ci abinci. Teku ba ta san da wannan ba. A gaɓar Legas tana cika sau biyu ta janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintuna. Wannan minti 50 ɗin shi ke ruɗa baƙo: jiya ka tarar da fili shimfiɗe da ƙarfe tara na safe, bayan kwana uku ka dawo ƙarfe tara ka tarar ruwa bai gama sauka ba, sai wajen sha ɗaya da rabi. Ba wani abin mamaki ba ne, don kowa ya san bayan sha biyar ga wata kullum sai wata ya ƙara makara wajen fitowa, kuma shi ne ke jan ruwan. Gyaran mai sauƙi ne. Ka duba jadawalin cikar teku na garin da za ka a intanet, ka isa awa biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa, ka riƙa bin sa a baya yana sauka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kalandar babbar cika tana hannunmu tun muna makarantar allo, amma ba mu amfani da ita. Idan rana da wata da duniya suka jeru a layi ɗaya, jansu yana haɗuwa, sai ruwa ya hau fiye da kullum ya kuma sauka fiye da kullum. Hakan na faruwa sau biyu a wata: lokacin tsayuwar sabon wata, da kuma sha huɗu zuwa sha biyar, yawanci ƙarfin ya fi bayyana kwana ɗaya ko biyu bayan nan. A wajen bakwai da takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, ruwan kasala yake yi, ba ya hawa sosai ba ya sauka sosai. Mai azumin 13, 14 da 15 ga wata ya riga ya san ranakun da zai yanki tikiti. In kuma aka yi dace wata ya matso kusa da duniya a daidai lokacin (nisansa yana kaiwa da komowa tsakanin kilomita kusan 360,000 da 405,000), ko abin ya faɗo kusa da 21 ga Maris ko 23 ga Satumba, to nan ne ruwa ke buɗe yashin da ya yi watanni ba a taka ba.

Sai dai kada bidiyo ya yaudare ka. Wuraren da kake gani ruwa ya janye har ido ba ya hango shi, irin su mashigin Bristol a Birtaniya da Mont-Saint-Michel a Faransa, bambancin cika da janyewa yana kaiwa wajen mita 14. A mashigin Fundy na Kanada har 16. A Legas bai wuce kimanin mita ɗaya ba. Ga gaɓar da gangara, don haka ko a babbar janyewa filin da za ka samu taku kaɗan ne, ba filin Idi ba. A can igiyar ruwa ce ke yin babban aikin, musamman da damina lokacin da teku ke fushi. Idan babbar cika ta haɗu da igiya mai ƙarfi, cikin dare ɗaya sai a kwashe yashin da tifa ɗari ba za ta kwashe ba.

A nan ne kuskuren da ya fi cin ƙarfin mutane yake: ɗauka cewa duk babbar cika alheri ce. Ruwa yana kwashe yashi, yana kuma jibge shi. Zinariya tsantsa ta fi yashi nauyi kusan ninki bakwai, saboda haka zoben da ya suɓuce daga yatsa ba ya zama a sama. Kowace igiya ta girgiza yashin sai ya ƙara nutsewa, har ya tarar da abu mai tauri, laka ko tsakuwa ko tarin ɓawon kifi, ya kwanta. Na'urarka kuwa da ƙyar take jin zobe in zurfinsa ya wuce kamar ƙafa ɗaya. In ruwan daren jiya ya ƙara masa yashi kamu uku a kai, ko ka wuni kana shara ba abin da za ka ji.

To ka tambayi ƙafarka kafin ka kunna na'ura. Idan kana takawa tana lumewa kamar cikin garin tuwo, kuma abin da kake tonowa murfin lemo ne da guntun gwangwani, sabon yashi ne, bar wurin. Abin nema shi ne inda ruwa ya yanke gaɓar ta zama kamar dakali, ko kwarin da ruwa ke kwanciya bayan an janye, inda tsakuwa da baƙin yashi suka fito. Da ka tono darmar masunta ko tsohon kwabo da ya yi kore, tsaya nan, ka rage sauri, ka zagaye wurin taku-taku. Ruwa yana tankaɗe kaya ne bisa nauyi, masu nauyi wuri ɗaya suke taruwa. Kada dai ka sa ran silallan naira. Tun na 2007 ba wanda ke yawo da su a aljihu. A Kwatano ne sefa ta ƙarfe ke faɗuwa har yau.

Sai maganar na'urar kanta. Yawancin waɗanda ke yawo a hannun mutanenmu an sayo su ne don neman gwal a daji, kuma irinsu ne suka fi haukacewa a jiƙaƙƙen yashi. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, sai na'ura mai zango ɗaya, wato mai aika sigina iri ɗaya tak cikin ƙasa, ta ɗauka duk gaɓar ƙarfe ce, ta yi ta tsuwa ba dalili. Ranar farko na zaci na faɗo kan taska. Rami goma sha na tona, ban samu ko ƙusa ba. Mai zango da yawa, kamar Minelab Equinox ko Nokta Legend, ita ce ta wannan aikin. In ba ka da ita, rage mata ƙarfin ji har ta yi shiru, ka sake daidaita ta da ƙasa duk lokacin da ka tashi daga busasshen yashi zuwa jiƙaƙƙe, ko ka haƙura ka tsaya a busasshen inda 'yan shaƙatawa ke shimfiɗa tabarma. Kuma kada ka tafi da shebur. Rami a jiƙaƙƙen yashi rufe kansa yake yi kafin ka sunkuya. Abin ɗiba mai huji-huji ake so, kamar matsamin mai ƙosai amma da doguwar ƙota.

Ranar da na koyi abin da ya fi duk waɗannan, na ajiye jakata da takalmina a wurin da na ga ya bushe, na juya wa teku baya ina tono. Wani dattijon mai gadi, mutumin Haɗeja, ya ƙwala mini kira: "Malam, ɗauke kayanka, ruwa ya juyo!" Na ce, "Baba, ai da saura." Ban rufe baki ba igiya ta wuce ni har gwiwa. Jakar na kama, wayar ciki ba ta ƙara tashi ba, takalmi ƙafa ɗaya kuwa sai dai labari. Abin da ban sani ba lokacin shi ne ruwa ba ya dawowa da gudu ɗaya. Awa ta farko a hankali yake tahowa har ka raina shi, amma a awa ta uku da ta huɗu kaɗai rabin ruwan gaba ɗaya ke shigowa, kuma a kwanakin babbar cika ya fi sauri. A 2004 a gaɓar Morecambe ta Ingila, 'yan ci-rani 'yan Sin sama da 20 masu tsintar ƙwaryar kifi haka ruwa ya zagaye su ta baya suka halaka. Ka saita ƙararrawar waya a kan lokacin juyowar ruwa, fuskarka na kallon teku, kada ka je kai kaɗai. Yawancinmu iyakar iyonmu kududdufin unguwa ne, tekun Legas kuwa tana da jan da ke fizge ƙwararre ma; kada ruwa ya wuce maka idon sawu.

Sauran ƙananan ne, amma suna cin kuɗi. Faifan na'ura yana jure ruwa, akwatin sama a yawancinsu ba ya jurewa. Ka wanke ta da ruwan famfo a ranar, in ba haka ba ka iso Kano ka tarar gishiri ya cinye sukurori. Yawancin wuraren shaƙatawa na Lekki da masu su, nemi izini kafin ka fara tona musu fili, ka kuma cike raminka. Idan a wajen Badagry ka ci karo da abin da ya yi kama da kayan tarihi, dokar 1979 ta sa shi ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ba na kai wa 'yan gwangwan ba ne. Zoben da aka rubuta suna a cikinsa kuwa tsintuwa ce, hukuncinta ka san shi tun a Islamiyya: sai ka yi cigiya, ka fara da masu kula da wurin kafin ka hau mota.