Kurakuran da Aka Fi Yi a Darasin Zane da Aikin Hannu a Firamare

Darasin fasaha da al'adu yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, amma a makarantu da dama an mayar da shi darasin rubutu. Malami yakan cika allo da ma'anar launi da rabe-rabensa, yara su kwafa su haddace har su ci jarrabawa, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa gauraya shuɗi da rawaya ya ga kore ya bayyana a gabansa. A ganina wannan ne babban kuskure, kuma gyaransa shi ne a taƙaita bayani zuwa minti goma, sauran lokacin kuwa a bar hannuwan yara su yi aiki.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne rashin kayan aiki, kamar dai sai da fentin kanti ake yin fasaha. Gawayi yana zane, jar ƙasa da farar ƙasa launuka ne, karan dafi da zoɓo suna ba da ja, gangamau yana ba da rawaya, ƙaro ko dafaffen sitacin rogo kuma suna maye gurbin gam. Yaran da suke ƙera mota da tabarau da karan dawa a ƙofar gida sun riga sun iya abin da ake son koya musu, sai dai ba a taɓa shigo da shi aji ba. Malamin da ke Kano yana iya kai ɗalibansa marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake ɗaure ƙyalle kafin a tsoma shi cikin baba, sannan su gwada a makaranta.

Abin takaici ne kuma yadda ake karɓar tsintsiyar kasuwa, ko ma kuɗi, a matsayin aikin hannu. Maki na abin da aka yi a gaban malami ne, ko da ya fito a karkace.

Haka nan kuskure ne malami ya zana kofi a allo ya ce kowa ya kwaikwaya, ko ya fizge fensir daga hannun yaro ya gyara masa. Ya fi kyau a ajiye tulu ko ƙwarya a tsakiyar aji, kowane yaro ya zana ta ɓangaren da yake gani, sannan a tambaye shi ya bayyana abin da ya zana. Inda iyaye ba su son a zana mai rai, bai kamata a soke darasin ba, domin zayyanar allo da dagi da adon bangon gidajen Zariya da aikin hula sun isa a shekara ana koyo.

Wajen ginin yumɓu, yawancin tukwanen yara suna tsagewa ne saboda ba a tsince tsakuwa ba, ba a cuɗa yumɓun sosai har iska ta fita ba, ko kuma an shanya su a rana. A busar da su a inuwa na kwanaki, a hankali. Kafin a fara, malami ya nuna wa yara takardar naira 20, su ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, ya gaya musu cewa tun tana yarinya ta koyi sana'ar a ƙauye, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954.