Yadda ake kula da motar ɗaukar marasa lafiya a ƙauyukan Daura

Zama na kashe motar asibitin karkara. Tana fake a gindin darbejiya, batir ya sauka, taya ta sace, ranar da aka kira daga wani ƙauyen Baure ko Sandamu cewa mai naƙuda na zubar da jini sai a shiga neman masu turi.

Saboda haka kowace safiya direba ya tayar da ita, ya duba baƙin mai, ruwan lagireto, birki, fitilu da jiniya, haɗe da safaya da jak. Ko babu kira, ya ɗan zagaya gari da ita a mako.

Mai ne babbar rigima. In an dawo daga aiki, a biya gidan mai kafin a ajiye mota. Daga Daura zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina kusan kilomita 80 ne, ga kuma dawowa. Rabin tanki ba abin dogaro ba ne. Kada a bari sai dangin mara lafiya sun yi karo-karo da tsakar dare. Kwamitin lafiya na mazaɓa ya ware kuɗin mai, a buɗe littafi: ranar fita, inda aka je, kilomita nawa, lita nawa. Littafin nan ne ke tona asirin mai ɗaukar mota ya tafi cin kasuwar Mai'adua. Mukulli kuwa yana hannun direban da ke bakin aiki, ba aljihun oga ba.

Cikin mota aikin nas ne ko ungozoma. A duba ma'aunin tukunyar oksijin, a ɗaure ta tamau, a nisanta ta da wuta da maiƙo. Ledar ƙarin ruwa, safar hannu, auduga, bandeji, duk abin da aka taɓa a mayar da madadinsa nan take. Allurar tsayar da jinin haihuwa, oksitosin, ba ta jure zafi: firji ne mazauninta, sai za a fita a saka ta a akwatin sanyi.

Da hunturu, a yawaita kakkaɓe matatar iska. Da damina, direba ya riƙe lambar dagatai, ya tambayi halin hanya kafin ya tashi. Inda rafi ya kawo, a ce su fito da mara lafiya bakin kwalta, a haɗu a can.