Kurakuran da muke yi wajen ciyar da doki da rago

Jama'a mu yi magana kan cikin dabba, don yawancin asarar da ake yi wajen kiwo daga nan take farawa. Mutane na ganin doki da sa da rago duk ciyawa suke ci, sai a ɗauka cikinsu ɗaya ne, alhali ba haka bane ko kaɗan.

Sa, tunkiya da akuya cikinsu ɗaki huɗu ne. Na farko shine tumbi, babba, a gefen hagu yake, kuma cike yake da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido baya gani, su ne ke narkar da ciyawar, dabbar kuma ta rayu da abinda suka samar. Shi yasa zaka ga rago ya kwanta yana tuƙa, yana dawo da abincin baki ya sake taunawa, yawun da yake haɗiya ne ke kashe tsamin tumbin.

To kuskuren da yafi yawa, a sayo ragon layya daga ƙauye wanda ciyawa kawai ya sani, ranar farko a cika masa kwano da dusa da masara, wani ma har da ragowar tuwo da shinkafa wai don yayi saurin ƙiba. Hatsin nan yana shiga tumbi sai ya yi tsami da sauri ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, kashegari kaga rago ya daina tuƙa, yana zawo mai ruwa mai wari, ya sunkuyar da kai, wani lokacin sai dai wuƙa. Gyaran shine a fara da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali cikin sati biyu, kuma kullum harawa ta fara shiga kafin dusa.

Haka farkon damina, dabbar da ta kwana da yunwa a sake ta cikin ɗanyen ganyen wake da raɓa, iska ta taru ta kasa gyatsa, gefen hagu ya kumbura in ka buga kamar ganga. A bata busasshe tukunna kafin a fita. In ta kumbura sai wasu su kama ta su ɗaga kai sama su yi ta ɗura mata man gyaɗa ko ruwan kanwa, nan ma wata matsalar ce, don in an miƙe wuyan ruwan huhu yake wucewa. Kai a daidai, kaɗan kaɗan, a bari ta haɗiye. Leda kuwa ba sai na faɗa ba, ku tambayi mahauta irin dunƙulen da suke cirowa daga tumbin awakin cikin gari.

Doki shi kuma akasin haka ne. Cikinsa ɗaya ne kuma ƙarami, kamar lita 8 zuwa 15, ciyawar sai ta kai can babban hanji ake narkar da ita. Baya tuƙa, baya iya amai, ko matsarmama bashi da ita. An halicce shi ne yana ci kaɗan kaɗan kusan yini guda. Amma mu sai a bar shi a turke ba komai tun safe, da yamma a zuba masa gero mudu biyu lokaci guda, musamman in hawan sallah ya matso. Cikin doki baya daina fitar da ruwan tsami ko da babu abinci, zaman yunwar nan olsa take kawo masa, hatsin da yayi yawa kuma ya wuce babban hanji bai narke ba ya jawo ciwon ciki, har kofato yana taɓawa. A raba hatsin gida uku ko huɗu, ciyawa kada ta yanke a gabansa, ruwa kuma ya wadata don busasshen kara ba ruwa toshe hanji yake.

Kar a zuba masa abinci a kan yashi, yana taruwa a hanji. Kar kuma a bashi abincin kajin gidan gona, wasu akwai magani a ciki mai suna monensin da ke kashe doki. In kaga yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana gumi yana son birgima, ɗauke abincin, ka ɗan zaga dashi, ka kira likitan dabbobi a take, kar a ce bari a gani zuwa safe.